Macen Saudiyya a Bakin Alƙalami da Idon Kyamara

Akwai wani hoto da ya shafe shekaru yana raka labaran ƙasar Saudiyya a jaridun duniya. Mace ce, ko mata biyu ko uku, cikin baƙar abaya da niƙabi, an ɗauko su daga nesa ko ta baya, suna tafiya a wani katafaren kanti na Riyad ko a gefen titi a Jidda. Ba fuska, ba suna. Rubutun da ke ƙarƙashin hoton bai wuce layi ɗaya ba: matan Saudiyya suna wucewa ta wuri kaza. Labarin da aka liƙa wa hoton yana iya zama na dokar tuƙi, ko na kasafin kuɗi, ko na farashin mai, ko ma na ta'addanci, amma hoton yana nan yadda yake. Da yawan maimaitawa, matar da ke cikinsa ta daina zama mutum mai suna da sana'a da dangi, ta koma alamar ƙasa baki ɗaya, kamar tuta ko taswira.

Masu nazarin aikin jarida ba sa raba hoto da rubutun da ke tare da shi, domin mai karatu ma ba ya raba su. Tun a 1964 masanin nan na Faransa, Roland Barthes, ya yi bayanin cewa hoto yana iya ɗaukar ma'anoni barkatai, kuma rubutun da aka sa a gefensa ne yake ɗaure shi ga guda ɗaya. Hoton mace mai niƙabi a bakin kanti, in aka rubuta masa kanun da ke maganar zalunci, ya zama hoton wadda aka zalunta. In aka rubuta masa kanun bunƙasar ciniki, ya zama hoton mai kuɗin kashewa. A 1996 kuma Gunther Kress da Theo van Leeuwen suka fitar da littafi kan yadda ake karanta hoto, suka jera tambayoyin da ake yi masa. Daga wane nisa aka ɗauka? Wanda aka ɗauka yana kallon mai kallo, ko kuwa an ɗauke shi bai sani ba? Daga sama kyamara ta leƙo shi, ko daidai da idonsa take? Yana aikata wani abu, ko tsaye kawai yake? Wanda aka ɗauka kusa, ido cikin ido, yana neman a yi hulɗa da shi. Wanda aka ɗauka daga nesa, ta ƙeya, abin kallo ne kawai. Tsohon hoton macen Saudiyya ya faɗa cikin kashi na biyu ta kowace fuska.

Adalci ne a faɗi cewa wani ɓangare na wannan ya samo asali daga yanayin aikin kansa. Shekaru da dama samun bizar shiga Saudiyya ga ɗan jarida na waje abu ne mai wuya, bizar yawon buɗe ido ma sai a Satumban 2019 aka fara bayarwa. A lokacin, ɗaukar hoton mace a titi ba tare da izini ba yana iya jawo wa mai kyamara fitina daga danginta ko daga jami'an Hai'a, wato hukumar umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Yawancin masu ɗaukar hoton maza ne, ba su da hanyar shiga makarantun mata, ko ofisoshinsu, ko ɗakunan bukukuwansu. Saboda haka suka riƙa ɗauka daga inda ba za a tsare su ba. Hotunan suka taru a rumbunan kamfanonin dillancin labarai irin su Reuters da AFP da AP da Getty, edita kuma da ke Landan ko New York, lokaci na ƙure masa, sai ya ɗauko wanda mai karatu zai gane nan take. Sai dai wannan uzuri yana da iyaka. Likitoci mata da malaman jami'a da 'yan kasuwa na Saudiyya sun daɗe suna halartar taruka a fili, kuma hotunansu na nan a rumbunan. Zaɓi ne ya sa ba su ake ɗaukowa ba.

Tarihin wannan kallo ya girmi intanet. A 1980 gidan talabijin na ITV a Birtaniya ya nuna fim ɗin Death of a Princess, wanda ya ginu a kan kisan da aka yi wa Gimbiya Misha'al a Jidda a 1977. Fim ɗin ya fusata Riyad har ta nemi jakadan Birtaniya ya bar ƙasar na wani lokaci. Bayan shekaru goma, lokacin rikicin mamaye Kuwait, dubban ɗaruruwan sojojin Amurka suka sauka a Saudiyya, cikinsu har da mata masu tuƙa motocin soja. Jaridun Yamma suka sami abin da suke so: sojar Amurka cikin kaki a gefe guda, mace mai baƙar abaya a ɗaya gefen. A daidai wannan lokaci, ranar 6 ga Nuwamban 1990, mata 47 suka fito da motoci suka yi jerin gwano a titunan Riyad don nuna adawa da hana mata tuƙi. An dakatar da masu aiki a cikinsu, an karɓe fasfo ɗinsu, an kuma raba takardu ɗauke da sunayensu ana aibata su. Su ne suka fara yunƙurin da ya kai ga ɗage haramcin tuƙi bayan shekaru 28, amma kaɗan ne a wajen ƙasar suka taɓa ganin fuskokinsu.

Bayan harin 11 ga Satumban 2001, wanda 15 daga cikin mahara 19 'yan Saudiyya ne, abin ya ƙara ƙarfi. Baƙar abaya ta zama gajeriyar hanyar nuna haɗari. A 2002 masaniyar halayyar al'umma Lila Abu-Lughod ta rubuta maƙala tana tambayar ko da gaske matan Musulmi ceto suke buƙata, tana mai jan kunne cewa harshen ceto yana ɗora mai ceton a sama, ya rufe bakin wadda ake cewa za a ceta. A 2007 Smeeta Mishra ta kwatanta jaridar Washington Post da Arab News ta Saudiyya, ta gano cewa kowane ɓangare yana amfani da matan ɗaya ɓangaren don ya wanke kansa: a Washington Post ana nuna macen Saudiyya a matsayin wadda aka danne tana jiran 'yanci, a Arab News kuma ana nuna macen Amurka a matsayin wadda ta rasa tarbiyya. A 2017 Rochelle Terman ta bi rahotannin New York Times da Washington Post daga 1980 zuwa 2014. Abin da ta samu shi ne, an fi ba da labarin matan ƙasashen Musulmi idan an take haƙƙinsu, matan sauran ƙasashe kuwa an fi ba da labarinsu idan ana mutunta haƙƙinsu. Wannan ba ya nufin labaran ƙarya ne. Yawancinsu gaskiya ne. Matsalar tana wajen tankaɗe: me aka bari ya wuce, me aka tsayar.

A cikin rubutun kansa, wurin da ya fi tona asiri shi ne wanda aka ba aikatau. Kanun labarai kan matan Saudiyya sun cika da an ba su dama, an yarje musu, an hana su, an ɗage musu. Mai aikatawa sarki ne, ko yarima, ko malami, ko gwamnati. Macen tana ƙarshen jimla tana karɓa. Sai kuma batun wanda aka ji muryarsa. Rahoto yakan ɗauko jami'in gwamnati, da mai sharhi daga wata cibiya a Washington, da kakakin ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam, sannan a ƙarshe a saka jimla ɗaya daga bakin wata mata da aka ambaci sunanta na farko kawai. Wani lokaci ɓoye sunan kariya ce gare ta, kuma ya dace. Amma sakamakon ɗaya ne: masu fassara rayuwarta sun fi ta yawan layuka.

Batun tuƙi ya cinye kusan duk wani fili, kuma dalilin a bayyane yake. Mota tana ɗaukuwa a hoto. Bidiyon da Manal al-Sharif ta sa a YouTube a Mayun 2011, tana riƙe da sitiyari a birnin Khobar, ya zagaya duniya cikin kwanaki, tsare ta da aka yi kuma ya ƙara masa kaifi. To amma da yawa daga cikin 'yan gwagwarmayar ƙasar sun sha faɗin cewa abin da ya fi ɗaure mace shi ne tsarin waliyyi. A nan ana buƙatar rarrabewa, domin jaridun waje sukan cakuɗa. Waliyyin ɗaurin aure abu ne da Musulmi a ko'ina suka sani. Abin da ake magana a kai a Saudiyya a lokacin tsari ne na ofis: sa hannun uba, ko miji, ko ɗan'uwa, wani lokaci ma ɗan da ta haifa, kafin mace ta sami fasfo, ko ta fita ƙasar, ko a sallame ta daga gidan yari bayan ta gama wa'adinta. Wannan ba shi da hoto. Takarda ce a kan tebur, ko saƙo a wayar wani namiji. Saboda haka ya riƙa zuwa a sakin layi na takwas, mota kuma tana kanu. Haka kuma rahotanni da yawa sun jingina haramcin tuƙin ga Musulunci kai tsaye, alhali a lokacin Saudiyya ce kaɗai ƙasar da ke yin sa a duniya, matan Kano da Alƙahira da Jakarta suna tuƙi, matan ƙauyukan hamadar Saudiyyar ma sun daɗe suna jan a-kori-kura a inda ba 'yan sanda.

A cikin gida, tsohuwar matsalar ta kasance akasin haka. Waje yana yawaita nuna ta ba tare da ya san ta ba, gida kuma yana share ta. Mujallun da ake shigowa da su daga waje sukan iso da baƙin alƙalamin mai tacewa a kan hannaye da ƙafafun mata. Sai a 2001 aka fara ba mata katin shaida nasu na kansu mai ɗauke da hoto, kafin nan suna ne kawai a katin iyali. A Oktoban 2012 jaridar Metro ta Suwidin ta bankaɗo cewa kamfanin IKEA ya goge mata daga littafin tallansa na Saudiyya: hoton iyali a banɗaki, uba da yara suna nan, uwar ta ɓace. Kamfanin ya nemi afuwa.

Duk da haka, jaridun gida sun yi abubuwan da na waje ba su iya ba, kuma ba kasafai ake tuna musu ba. A Maris ɗin 2002 gobara ta tashi a wata makarantar 'yan mata a Makka, ɗalibai 15 suka rasu. Jaridun Saudiyya ne suka buga shaidar da ke zargin jami'an Hai'a da kawo cikas ga aikin ceto saboda 'yan matan ba su sa abaya ba. Hukumomi sun musanta, amma hayaniyar ta sa aka karɓe ilimin mata daga hannun hukumar malamai aka mayar da shi ma'aikatar ilimi. A 2004 Rania al-Baz, mai gabatar da shiri a talabijin ɗin gwamnati, ta amince a buga hoton fuskarta bayan mijinta ya yi mata dukan da ya kakkarya ƙasusuwan fuskar. Mutane sun san wannan fuska a allon talabijin kowace safiya, ganin ta a kumbure a shafin jarida ya buɗe maganar dukan mata da ba a yi a fili. Gani ya kori ji. A 2013 Gidauniyar Sarki Khalid ta fitar da talla mai nuna mace cikin niƙabi, idonta ɗaya ya yi baƙi da duka, kuma a shekarar ce majalisar ministoci ta amince da dokar hana cin zarafi a cikin gida. Abin lura shi ne, tallan ya yi amfani da hoton idanu biyu a tsakiyar baƙin ƙyalle, irin wanda bangon littattafan Yamma ya mayar da kayan kasuwa, amma a nan idon yana kallon 'yan ƙasa yana tuhumarsu. A 2014 Somayya Jabarti ta zama babbar editar Saudi Gazette, mace ta farko da ta jagoranci jaridar ƙasa mai fitowa kullum.

Daga 2016 hoton ya juya. A Afrilun shekarar aka karɓe ikon kama mutane daga hannun Hai'a, aka kuma ƙaddamar da shirin Vision 2030 na Yarima Muhammad bin Salman. A Satumban 2017 Sarki Salman ya ba da umarnin a fara ba mata lasisi. A Janairun 2018 mata suka shiga filin ƙwallo a Jidda. A Maris yariman ya faɗa wa gidan talabijin na CBS cewa shari'a sutura ta mutunci ta wajabta, ba ta ƙayyade baƙar abaya ba. Sabon hoton da ya maye gurbin tsohon shi ne budurwa mai murmushi, an ɗauke ta kusa, mayafi ya ɗan zame baya, hannu a kan sitiyari, wani lokaci tana ɗaga lasisi ga kyamara. Da shi suka zo labaran ta farko: jakadiya ta farko a Washington, Gimbiya Rima bint Bandar, a 2019, mace ta farko da ta karanta babban labaran dare a tashar gwamnati, Weam al-Dakheel, a 2018, 'yar sama jannati ta farko, Rayyana Barnawi, a Mayun 2023.

Sauyin na gaske ne, kuma duk sharhin da ya kira shi kwalliya kawai ya yi wa miliyoyin mata rashin adalci. Tun Agustan 2019 macen da ta kai shekara 21 tana karɓar fasfo ta yi tafiya ba tare da izinin kowa ba. Yawan matan ƙasar da ke cikin kasuwar aiki ya tashi daga ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a 2017 zuwa sama da kashi 30 cikin 'yan shekaru, ya wuce abin da shirin Vision 2030 ya sa a gaba tun kafin lokaci. Amma aikin da hoton yake yi bai canja ba. Da can ana nuna mace don a tabbatar da cewa ƙasar ta ci baya, yanzu ana nuna ta don a tabbatar da cewa ƙasar ta ci gaba. A duka biyun sutura ce ma'auni, kuma hujjar wani take ɗauke da ita.

Babu inda wannan ya fito fili kamar watannin Mayu da Yunin 2018. Makonni kaɗan kafin ranar 24 ga Yuni da aka ɗage haramcin, aka kama wasu daga cikin matan da suka fi kowa fafutukarsa, cikinsu har da Loujain al-Hathloul da Aziza al-Yusuf da Iman al-Nafjan. Wasu jaridu da shafukan da ke kusa da gwamnati suka buga hotunansu tare da lakabin cin amanar ƙasa. A wannan tsakanin ne mujallar Vogue Arabia ta fito da bangonta na Yuni: Gimbiya Haifa, 'yar marigayi Sarki Abdullah, zaune cikin jar mota marar rufi a tsakiyar hamada, da safar hannu ta fata da takalmi mai tsini. Masu suka a Twitter suka riƙa cire fuskar gimbiyar suna sa ta waɗanda ke tsare. Da ranar ta zo, kyamarorin duniya suka ɗauki 'yan sandan hanya suna miƙa wa direbobi mata furanni. Loujain ba ta fito ba sai a Fabrairun 2021, kuma ta ce an azabtar da ita, zargin da hukumomi suka musanta. Manyan jaridun ƙasar ba su da 'yancin bin wannan labari. Asharq al-Awsat da Arab News da mujallar mata ta Sayidaty duk na kamfani ɗaya ne mai alaƙa ta kusa da gidan sarauta, kuma ƙungiyar Reporters Without Borders ta daɗe tana ajiye Saudiyya kusa da ƙarshen jerinta na 'yancin jarida.

Jaridun Yamma su ma ba su bar tsohuwar ɗabi'a ba, sun dai sami sabon salo: labarin wadda ta tsere. A Janairun 2019 Rahaf Muhammad, mai shekara 18, ta kulle kanta a ɗakin otal a filin jirgin Bankok tana neman agaji ta Twitter. Tsoronta na gaske ne, kuma hankalin duniya ne ya cece ta daga mayar da ita. Amma hoton da ya rufe labarin, tana sauka a Toronto kai ba mayafi, da riga mai sunan Kanada, ministar harkokin wajen Kanada ta lokacin Chrystia Freeland tana gefenta, ya dace tsaf da tsarin da Abu-Lughod ta yi gargaɗi a kai. Son irin wannan labari yakan kai ga ƙarya ma. A Janairun 2015, da Michelle Obama ta je ta'aziyyar Sarki Abdullah ba ta rufe kai ba, an yaɗa cewa talabijin ɗin Saudiyya ya dusashe hotonta. Daga baya ya tabbata ba haka aka yi ba, wani ne ya gyara bidiyon ya sa a intanet.

Tsakanin mai baƙar abaya marar fuska da gimbiya mai jar mota, yawancin matan ƙasar ba su da gurbi. Ba a cika ganin malamar firamare da ke tafiyar awanni zuwa makarantar ƙauye ba, ko bazawarar da ke zaryar kotu kan kuɗin ciyar da yara, ko matan Shi'a na Ƙatif da Ahsa, ko matan tsaunukan Asir da suke da tasu sutura mai launi tun kafin baƙar abaya ta game ƙasar. Mace mai ilimi da ta zaɓi niƙabi da kanta, har ma ta yi adawa da wasu sauye-sauyen, ba ta da amfani ga kowane ɓangare, don haka ba a tambayarta. 'Yan ƙasa baƙar fata na Makka da Madina da Jidda, masu sunayen dangi irin su Hausawi da Fallata da Barnawi, zuriyar alhazan da suka zauna tun ƙarnukan baya, ba safai suke shiga hoton da ake kira macen Saudiyya ba. 'Yan aikin gida daga Habasha da Kenya da Uganda da Filifin kuwa, waɗanda aikinsu ne ya ba mata da yawa damar fita ofis, labarinsu yana zuwa a wani shafi daban, kamar ba gida ɗaya ake magana a kai ba.

Masu sauraro a ƙasar Hausa suna da nasu ma'aunin, domin dubbansu suna zuwa aikin Hajji da Umara kowace shekara, kuma dokokin sun taɓa su kai tsaye. A Satumban 2012 an tsare ko an mayar da mata maniyyata 'yan Najeriya fiye da dubu a filayen jirgin Jidda da Madina saboda batun muharrami. A 2021 aka fara barin mata su yi rajistar Hajji ba tare da muharrami ba, a shekarar ce kuma hotunan mata jami'an tsaro cikin kaki a Masallacin Harami suka bazu a wayoyi. Sai dai labaran Saudiyya da ke isa kafafen Hausa galibi fassara ce daga kamfanonin dillancin labarai na Turai ko daga sanarwar hukumomin Riyad, kuma tun da gidajen rediyo suka buɗe shafukan intanet da na Facebook, hotunan rumbun ma suna biyo fassarar yadda suke.

Wurin da matan Saudiyya suka fi nuna kansu da kansu shi ne wayar hannu. Ƙasar tana cikin waɗanda suka fi amfani da Snapchat da Twitter da YouTube a duniya, kuma a nan ne ake ganin masu dafa abinci, masu koyar da lissafi, masu sayar da turare, masu wa'azi, masu barkwanci, wasu fuska a buɗe, wasu murya kawai. A fim ma Haifa al-Mansur ta fitar da Wadjda a 2012, labarin yarinyar da ke son keke, wanda ta ba da umarnin wasu sassansa daga cikin mota saboda ba za ta iya tsayawa a titi tare da ma'aikata maza ba. Amma wannan fili ma yana da shinge. A Agustan 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke wa Salma al-Shihab, ɗalibar digiri na uku a Jami'ar Leeds, ɗaurin shekara 34 saboda abin da ta rubuta da wanda ta yaɗa a Twitter, hukuncin da aka rage daga baya. A 2024 aka sami labarin ɗaurin shekara 11 da aka yi wa Manahil al-Utaibi, mai koyar da motsa jiki, kuma cikin tuhume-tuhumen da aka yi mata har da hotunan kanta da ta sa a Snapchat ba ta sanye da abaya.